Tsagar Inna da Hular Habibu

Tun da na dawo daga Jamus ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. A tasha tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har waɗanda suka yi shekaru ba su sa hannu a kwano ɗaya da ni ba yanzu su ne ke matsowa suna "Malam Sule, ya ƙasar Turawa?" Na gaji da maimaitawa. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Rubutun na wanda ya tsaya a aji biyu na sakandare ne, wanda bai yi masa ba ya je ya nemi na masu digiri.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne, Daura zuwa Kano, har ranar da tayar gaba ta fashe min bayan Kazaure motar ta yi ta juyi da mu. Ba wanda ya mutu. Ni dai kaina ya bugu ta gefen hagu, bayan 'yan watanni farfaɗiya ta fara kayar da ni. Mai mota ya karɓi makullinsa, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma ba zan shiga motar da mai farfaɗiya ke ja ba. Na koma kiran fasinja a bakin tasha, ina yi wa yaran da na koya wa tuƙi lodi. Aka ware min kofi da kwano, har a cikin gidana, wai yawuna zai shafa musu ciwon. Mutum ɗaya ce ba ta daina cin abinci da ni ba, Inna, mahaifiyarmu.

Ƙwayoyin asibiti suna ragewa, ba sa hanawa. A Kano likita ya ce irin wannan ciwon daga ɗan wuri guda yake tashi a ƙwaƙwalwa, in an gano wurin ana iya cire shi da tiyata, mutum ya koma sana'arsa. Aka tura ni cikin injin ɗaukar hoto, hoton ya fito da baƙin tabo a gefen hagu kamar an ɗiga tawada. Suka ce injin nasu ne ya tsufa. Na dawo gida da ciwona.

To ina da ƙane, Habibu, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu ni aka cire daga makaranta na zama yaron mota, shi ya ci gaba da karatu har ya kai Jamus ya zauna. Ana ce masa dakta, amma ko allura bai iya yi ba, injiniya ne. A waya ya yi min bayanin aikinsa. Wai ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki take aiki, kuma duk inda lantarki ya gudana akwai ƙarfin maganaɗisu da ke fitowa daga wurin, ya ratsa ƙashi da fata. Su kuma suna ƙera wata hula da aka jera wa ƙananan na'urori masu jin wannan maganaɗisun. Nasa aikin shi ne ya tsara inda kowace za ta zauna, guda nawa za a sa, wace za ta fuskanci ina. In jerin ya yi daidai, kwamfuta za ta nuna wurin da ciwon ke tashi.

Na ce masa wato duk karatun nan ɗinkin hula ka je koyo, alhali ga masu ɗinkin hula a ƙofar gidanmu. Bai yi dariya ba. Ya ce asibitin da suke aiki tare da su suna karɓar irina, in fara neman fasfo.

Wahalar biza ba zan ɓata takarda a kanta ba. An sha rana a Abuja, an amsa tambayoyin rainin hankali, an samu. Emeka mai sayar da kayan gyaran mota a bayan tasha ne ya ara min wata ƙatuwar rigar sanyi da ya saya a gwanjo, ya ce in ban dawo masa da ita ba ya san na samu Baturiya. Inna kuma ta ƙulla wa ɗanta kuka da daddawa da yaji da kilishi, ta ce in gaya masa ya rame a hoto.

Daga Daura zuwa Kano a gaban motar Ɗanlami na zauna, wanda ni na fara ɗora masa hannu a sitiyari. Har yanzu yana taka birki a tsakiyar kwana. Na faɗa masa, ya ce "To, Oga," ya ci gaba da abinsa. Da muka zo wurin da na yi haɗari ya ƙara ƙarar rediyo. Na gane nufinsa.

A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya 'yar Kano mai zuwa Turkiyya saro kayan ɗaki. Ita ta nuna min yadda ake ɗaura bel, da yadda ake yin salla a zaune, ta kuma cinye abin zaƙin da aka ba ni tunda na ce ban san mene ne ba. Ta tambaye ni me zan je yi, na ce ziyara. Da na faɗa mata gaskiya da ta nemi a canja mata kujera. Duk tafiyar addu'ata ɗaya ce, kada abin ya tashi a sama. Bai tashi ba. A Turkiyya ta raka ni har ƙofar jirgi na biyu tana yi min faɗa kamar ta haife ni.

A iyakar Jamus, wato cikin filin jirginsu, wani saurayi a bayan gilashi ya kalli fasfo ya kalle ni, ya tambayi ranar da zan koma tun ban shiga ba. Turancina na tasha ne, amma ya isa. Matsalar a wurin kaya ta taso. Wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka zaro kilishin Inna, aka ce nama ba ya shiga. Na ce to su ci mana, kada a zubar, mai kyau ne. Jami'in ya jefa shi cikin kwandon shara a kan idona. Sai ya kwance ƙullin daddawa. Ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya ja da baya. Suka tambaye ni mene ne, na ce miya. Suka yi shawara da yarensu, suka ƙulle da sauri suka miƙo min. A nan na lura ba wanda ya kalli aljihuna, ba kuma wanda ya ce a ba shi na goro.

Habibu na jira a waje, furfura ta fito masa, abin da hoto bai nuna ba. Ya rungume ni, na bar shi. A mota na ga titi babu rami, babu shinge, babu mai tsayar da kai ya ce ina takardu. Ga hanya kamar tabarma, amma Habibu ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar tsohuwa ta riƙe faifai. A cikin gari kuma mutane tsaye a bakin titi, babu mota ko ɗaya, suna jiran fitila ta ba su izinin tsallakawa. Sunan garin har na dawo ban iya faɗinsa yadda za a gane ba.

Gidansa ɗakuna biyu ne a saman bene, duk girman sunan da yake da shi a unguwarmu. Maƙwabta ba sa gaisuwa. Na yi wa wani sallama a matakala ya duba bayansa ko da wani nake. Wadda ta fara yi min magana wata tsohuwa ce a ƙasan benen, ita ma faɗa ne, don na zuba ɓawon ayaba a kwandon kwalabe. Shara a wurinsu kashi-kashi ce, kowace da gidanta. Ta tsaya sai da na tsince shi. Banɗaki kuwa babu buta a ko'ina cikin ƙasar sai a gidan Habibu, don haka na riƙa yawo da gorar roba a aljihun rigar Emeka.

Abincinsu na yamma burodi ne mai tauri da cuku mai sanyi, kamar ana zaman makoki. Nama sai a shagon wani Baturke da ke yankan Musulunci. Giya kuwa a jere take kusa da ruwan sha, ba mai waigowa, abin da a wurinmu tun da aka kafa shari'a sai an ɓuya a lungu. Ranar da Habibu ya kaɗa miyar kuka da daddawar Inna duk benen ya ɗauka, tsohuwar nan ta hau ta ƙwanƙwasa tana tambaya ko wani abu ya mutu a bututu. Ya ci tuwon nan bai ɗago kai ba har ya gama.

Sau ɗaya ciwon ya kayar da ni a can, a cikin kanti. Da na farfaɗo na ga wata mata ta naɗe mayafin wuyanta ta sa min a ƙarƙashin kai, tana goge min baki da hannunta. A tasharmu in na faɗi da'ira ake yi daga nesa, ana salati. Sai dai kada ku ce na yabe su da yawa. Matar nan na sake ganin ta a titi, na gaishe ta, ta wuce.

Wurin aikin Habibu a ƙarƙashin ƙasa yake, cikin asibiti. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai gajeren gashi, likitar ƙwaƙwalwa, Farfesa suke ce mata. Ta miƙo min hannu, na dafa ƙirji, ita ma ta dafa nata, aka wuce wurin. Ta bakin Habibu ta tambaye ni ko akwai ƙarfe a jikina, harsashi, ko ƙusa a ƙashi, ko haƙorin ƙarfe. Na ce babu, kuma har ga Allah iyakar sanina ke nan. Suka auna kaina da wata fitila, bayan kwanaki suka kawo hular roba mai ramuka, kamar hular kwano ta 'yan acaɓa, an yi ta daidai kaina. A kowane rami ana cusa wata 'yar na'ura kamar dunƙulen miya mai jelar waya. Suna da sunan da suke kiran su, ni kunnuwa na sa musu, har Farfesa ta koyi kalmar.

Aka cire min agogo da zobe da bel, aka ba ni kaya marasa zif, aka zaunar da ni a wani ɗaki mai ƙofa kamar ta taskar banki. Habibu ya ce bangon an yi shi ne don ya tare maganaɗisun waje, domin abin da ke fitowa daga kai raɗa ce, motar da ta wuce a titi ma ta isa ta danne ta. Aka rufe. Ban daɗe ba aka buɗe, na ga fuskokinsu ba daɗi.

Suka nuna min allon kwamfuta. Layukan gefen dama suna tafiya a hankali, na gefen hagu kuwa tsalle suke yi tare da bugun zuciyata, kamar ana kaɗa ganga kusa da mai raɗa. Suka canja kunnuwan gefen, haka. Suka laluba kayan jikina, ba komai. Habibu ya cusa kansa cikin wata hular ya shiga ɗakin, layuka suka kwanta lafiya. Sai wani ma'aikaci ya kawo wani abu kamar sanda ya riƙa zagaya kaina da shi. Da ya zo saman kunnen hagu abin ya fara kuka. Aka kawo aska aka aske wurin, sai ga layuka baƙaƙe a jere.

Habibu ya daɗe yana kallo.

"Yaya, wannan ai tsaga ce."

Na ce ita ce. Lokacin da ciwon ya fara, kan nan ta gefen yake sara, Inna ta kira wanzami ya tsaga wurin aka cusa magani.

"Me ke cikin maganin?"

"Saiwoyi ne da aka ƙona, da man shanu, da kashin maƙera. Da kanta ta je maƙera ta roƙo, ta daka shi ya yi laushi."

Ya zauna a kan kujera. Ga wanda bai sani ba, kashin maƙera shi ne dunƙulen da ke saura a murhun maƙeri in an gama ƙira, kuma da ƙarfe a cikinsa. Garin ya zauna a cikin fatata shekara da shekaru, daidai saman wurin da ake so a saurara. Shi ne ma baƙin tabon hoton Kano, injinsu bai yi laifin komai ba. Ni da aka ce ƙarfe, hankalina bai taɓa zuwa kan magani ba.

Habibu ya yi wa Farfesa bayani, ta matso ta taɓa wurin da yatsa tana jinjina kai, ba raini a fuskarta, sai mamaki. Shi ne ya fusata. Muna fita ya zaro waya yana cewa jahilci ne ke kashe mu, zai kira Inna yanzu ta san abin da ta jawo. Na riƙe masa hannu.

"In ka kira ta, gobe ka kai ni filin jirgi. Ranar da na faɗi a kwatar tasha kana ina? Ita ta wanke ni. Ita ke sa hannu a kwanona. Abin da take da shi ta kawo, kai ma kawo naka mu gani."

Ya mayar da wayar aljihu. Muka kama hanyar gida.

Da muka koma asibiti suka gwada goga min wani abu kamar dutsen guga da ke rage ƙarfin maganaɗisu, ya rage amma bai isa ba. Aka ce ana iya yanke fatar wurin a jira ta warke, sai dai kafin nan bizata ta ƙare, kuma ba tabbas garin bai bazu ba. Likitan tiyata kuma ya ce ba zai buɗe kai a kan zato ba. Na fara naɗe kayana a raina. Na ga kaina a bakin tasha ina "Kano mutum ɗaya" har mutuwa.

Habibu ya ce a ba shi lokaci. Na riƙa bin sa ofis ina zaune a gefe tunda ba ni da abin yi. Ga hoton kaina a kwamfutarsa yana juya shi kamar ƙwarya, ga ɗige-ɗige yana matsar da su, ya yi lissafi, ya goge, ya sake. Dabarar da ya yi min bayani ita ce, zai bar taga a kan tsagar, ba kunne ko ɗaya a wurin, ya cunkusa su a kewayenta suna fuskantar ciki ta gefe. Wasu kuma zai ɗaga su sama a kan 'yan sanduna, nesa da ƙwaƙwalwa, yadda ba abin da za su ji sai hayaniyar ƙarfen, domin kwamfuta ta san muryarsa ta cire ta daga abin da sauran suka ji. Na ce kamar a sa mutum ɗaya ya tsare mai surutu a ji maganar sauran. Ya ce kusan haka.

Hular farko ba ta yi ba, sandunan suna rawa in na yi numfashi. Ta biyu ta matse min kai har idona ya yi ja. Yana dawowa gida ba ya iya cin abinci, ni nake tuƙa tuwo. Ban faɗa masa ba, amma a kwanakin nan na fara yarda cewa aiki yake yi a ƙasar nan.

Ranar da aka gwada ta uku, da kansa ya ɗaura min. Hular ta yi muni, ga rami a gefe ga ƙahoni, kamar kan bijimin da ya yi faɗa. Ya gyara igiyar haɓa ya ce, "Yaya, don Allah ko yawu za ka haɗiya, a hankali." Na zauna kamar gunki, ina karanta abin da na haddace a zuci. Da aka buɗe ƙofa Farfesa ce ta fara shigowa, ta ce da Hausar da ta koya, "Kunnuwa," ta ɗaga babban yatsa. Bayan sun yi lissafinsu suka nuna min ɗigo kamar ƙwayar wake a hoton ƙwaƙwalwata. Yana ƙarƙashin tsagar Inna, bai kauce da faɗin yatsa ba.

Sun ƙara wasu gwaje-gwajen, duk suka nuna wuri ɗaya, aka yi tiyata. Ba ni da labarinta tunda barci nake. Da na farka aka ce in faɗi sunana da na garinmu, na faɗa, aka ce in motsa yatsu, na motsa. Habibu na tsaye a bakin gado ya juya baya yana kallon bango. Tun daga ranar ban sake faɗuwa ba. Har yanzu ina shan ƙwayoyi, kuma an ce sai na cika wa'adin da suka ɗiba ba tare da faɗuwa ba kafin in taɓa sitiyari. Ina jira. Ɗanlami ya ce motarsa na nan, na ce ya fara daina taka birki a kwana.

Na mayar wa Emeka rigarsa, ya laluba aljihu ya zaro gorar roba ya tambaye ni ko ita ce tsarabar. Masu ware min kofi kuma sun fara mantawa suna miƙo min nasu. Ina karɓa, amma ina sane da kowa.

Ranar da na iso gida, Inna ta zaunar da ni a tabarma ta cire min hula. Idonta ya yi rauni, da hannu take gani. Ta bi sabon ɗinkin da yatsa, ya zagaya kamar kofaton doki, sai ga tsagarta a tsakiya. Ta tsaya a kai.

"Nan suka buɗe?"

Na ce nan ne.

"Ai na gaya wa wanzami nan ne, yana ta gardama wai a yi a ƙeya. Duk injinan nasu, ashe inda na nuna suka je."

Na ce haka ne, Inna. Ta tambayi ko Habibu ya ji daɗin kilishin, na ce ko ɓarɓashi bai rage ba. Ta jawo kwano ta buɗe, muka sa hannu.

Saboda haka wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda ya ga dama a tasha. Amma duk wanda ya kai maganar kashin maƙera zauren gidanmu, ni da shi ne.